Zazzaɓi Ɗaya Muka Yi da Habi

Mun sauka Khartoum ana kiran azahar, ni da Habi, kuma ni ce riƙe da fasfo ɗinmu duka biyun, domin tun a filin jirgin Kano ta ce tsoro take ji kada ta yar da nata. Habi 'yar gwaggona ce, ƙanwar mahaifina da aka aurar Gwiwa. Taubasai muke, sa'annin juna, kuma tun muna firamare duk hutun da aka kawo ta gidanmu a Babura sai an zaunar da ita an nuna mata sakamakon jarrabawata. Ni ce mai zuwa ta ɗaya. Da na samu gurbin karatun aikin jinya a Sudan, Baba ya ce ba zai tura 'ya mace ƙasar da bai sani ba ita kaɗai, shi ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin Kazaure da Dutse har aka samar wa Habi gurbi ita ma. Kowa a dangi ya san rakiya ta yi mini. Ita ma takan faɗa da bakinta tana dariya.

Shekarar farko ta tafi yadda kowa ya zata. An ba mu ɗaki ɗaya a masaukin ɗalibai mata, gado biyu da fanka mai ƙara. Habi ta yi wata uku tana kuka. Ba ta iya cin wakensu da ake kwaɓawa da man riɗi, ba ta gane Larabcinsu, in malami ya yi tambaya sai ta sunkuyar da kai. Ni nake zuwa kasuwa, ni nake yi mata bitar darasi da Hausa bayan la'asar, ni nake amsa wayar Gwaggo ina cewa kada ta damu, ina kula da ita. Ina jin daɗin faɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

A shekara ta biyu, bayan damina, zazzaɓi ya shigo masaukin. Likitan makaranta ya ce dange ne, sauro ke kawo shi. Rana ɗaya ya kama mu, ni da Habi. Ciwon kai a bayan idanu, ƙasusuwa kamar ana sara su, ƙuraje ja a hannu. Nata ya fi nawa tsanani nesa ba kusa ba. Ta yi haɓo, dasashinta ya yi jini, har aka kwantar da ita asibiti kwana biyar. Ni da nawa zazzaɓin nake jan jiki ina kai mata kunu. Bayan mako biyu ta miƙe, ta wanke kayanta, ta ce yunwa take ji kamar ta ci kaza guda. Ni ma zazzaɓin ya sake ni. Na ɗauka shi ke nan.

A sallar asuba na fara ganewa. Na tayar da kabbara, kafin in kai ƙarshen Fatiha zuciyata ta kama bugu kamar ana daka a ƙirjina, kunnuwana suka toshe, bangon ɗakin ya yi duhu daga gefe-gefe. Na zauna, cikin minti biyu komai ya koma daidai. Na miƙe, abin ya dawo. Na ce ragowar zazzaɓi ne. Wata ya wuce, wata biyu, bai tafi ba. In ina kwance lafiyata ƙalau. In na tsaya a layin abinci, ko a banɗaki ina wanka, sai jiri da gumi, ƙafafuna su yi nauyi su yi wani irin duhu kamar an ɗaure su.

Lokacin ne aka fara tura mu asibiti koyon aiki. Aikin jinya kuwa tsayuwa ce daga safe har azahar. A mako na biyu, ana wanke wa wani dattijo ciwo a ƙafa, ni ce riƙe da tiren almakashi da auduga. Na ji abin yana tahowa, na cije, na ce ba zan zauna a gaban mutane ba. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance a ƙasa, kayan tiren sun watse, Habi tana yi mini fifita da littafinta. Shugabar ma'aikatan jinya ta tsaya a kaina ta ce wadda ke tsoron jini ba ta da abin yi a nan. Ni da nake riƙe wa Baba ƙafar rago ranar layya tun ina 'yar shekara takwas. Aka ce Habi ta ɗauki sabon tire. Ta ɗauka, aka ci gaba da aikin da ita.

An auna jinina, an ce lafiya. An yi mini hoton zuciya ina kwance a kan gado, an ce lafiya. Wani likita ya ce kewar gida ce, wani ya ce tunani ne ya yi mini yawa, in rage karatu. Daga gida Inna ta aiko da rubutu a cikin gora ta hannun wata mai dawowa hutu, ta ce mutanen unguwa sun ce a bincika, ko an yi mini baki ne saboda ƙoƙarina. Na sha rubutun. Wani ɗan ƙasarmu da ya daɗe a can, wanda ke yi wa masu zuwa neman magani tafinta, ya ji labarina ya zo har ƙofar masauki. Ya ce ya san wani ƙwararre da ya warkar da 'yar wani babban mutum daga irin wannan ciwon. Ya kai ni wani ƙaramin asibiti a saman wani shagon taya. Duk mako sai a sa mini ƙarin ruwa mai launin ɗorawa, in ji sauƙi ranar da washegari, sannan komai ya dawo. Na sayar da 'yan kunnen da Inna ta ba ni saboda wannan ruwan. Sai daga baya mai sharar wurin, wata 'yar Habasha, ta ja ni gefe ta ce ruwan gishiri ne kawai da sinadarin ƙara kuzari, kuma duk wanda mutumin nan ya kawo yana da kasonsa a kansa. Na kira shi, ya ce shi taimako ya yi, bai ƙara ɗaukar wayata ba.

A duk wannan lokacin Habi tana ta gaba. Yawan zama da majinyata ya buɗe mata baki, ta koyi Larabcin titi har tana yi wa masu kayan miya ba'a. Ta gano tana da hannun allura, jijiyar da ta gagari kowa ita ake kira ta nemo. Takan dawo da yamma da ƙafafu a gajiye, ta jefar da takalmi ta ce, "Wash, yau tun bakwai ban zauna ba." Ni kuwa ina kwance tun bakwai ɗin. Ba da gayya take faɗa ba, amma sai in juya wa bango fuska. Da azumi ya zo likita ya hana ni, domin in ban sha ruwa ba ko zama ba na iyawa. Habi ta yi ta azuminta, tana zuwa asham a tsaye, ni ina salla a zaune kamar tsohuwa. In ta kawo mini abinci da rana sai ta ajiye ta fita don kada in ji kunya, ni kuma fitar tata ta fi ci mini rai. Wayar gida ma ta juya. Yanzu Baba ne ke kiran Habi yana tambayar jikina, ina jin ta tana cewa, "Kada ka damu Kawu, ina kula da ita."

Akwai wata tsohuwa mai shayi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a bakin ƙofar makaranta, ana kiranta Hajja Amna. Wata rana jiri ya kama ni a gabanta, na tsuguna ina salati da Hausa. Sai na ji ta ce, "Yarinya, ke 'yar ina ce?" Hausarta wata iri, tsohuwa, irin ta kakanni. Ashe kakanta daga wani ƙauye kusa da Roni ya taso da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare a nan, ya zauna. Ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ta kwantar da ni a kan bencinta, ta ɗora ƙafafuna a kan buhun gawayi, ta matse lemon tsami a ruwa ta zuba gishiri mai yawa ta ce in shanye. Ban taɓa jin abin da ya dawo da ni hayyacina da sauri haka ba. Daga ranar kullum sai ta ajiye mini kofina. Ladanta kawai in ba ta labarin duwatsun Roni da dam ɗin Kazaure, ko da gaske ne ruwan yana da yawa. Ita kaɗai ce a garin nan ba ta san Habi ba, kuma ban taɓa kai Habi wurinta ba.

A kan bencin ne wata malamarmu mai koyar da yadda jiki ke aiki ta same ni kwance. Ta tambaye ni, na gaya mata komai. Ta kama wuyan hannuna tana ƙirga bugun zuciyata, tana duban agogo. Ta ce saba'in da huɗu. Ta ce in miƙe in tsaya cak. Bayan minti biyar ta sake ƙirgawa, ta ce ɗari da talatin da biyu. Ta tambaye ni ko an taɓa auna ni a tsaye, na ce ko sau ɗaya. Ta ce tana zargin wani abu, amma na'urar da za ta tabbatar ba ta san inda take a garin ba, akwai wani malaminta a Alƙahira da ke da ita. Ta rubuta mini takarda zuwa gare shi.

Baba ya ce a tafi, kuma Habi ta raka ni. Jirgi ya fi ƙarfinmu, sai mota. Da hutu ya zo muka samu biza muka shiga doguwar bas mai zuwa Masar. Hanya ce miƙaƙƙiya a cikin hamada, ba bishiya, ba gari, sai duwatsu baƙaƙe da yashi. Zaman ma wahala ne, domin in na daɗe ƙafafuna a ƙasa jinin yana taruwa a cikinsu. Habi ta roƙi wani ɗan kasuwa ya bar mana kujerar baya, ta zauna a ƙarshenta ta ɗora ƙafafuna a cinyarta. Awa goma sha wani abu tana riƙe da su. Matan da ke gabanmu suka yi ta sa mata albarka, suna cewa da ma kowa ya samu 'yar'uwa irinta. Na rufe ido kamar ina barci.

A kan iyaka aka sauke mu da hantsi, aka ce kowa ya ɗauki kayansa ya shiga layi. Layi ne na ɗaruruwan mutane a fili, ba rumfa, ba wurin zama. Habi ta karɓi fasfo ɗina ta haɗa da nata ta ce in zauna a kan akwati a inuwar wata babbar mota. Ta yi awa uku a tsaye cikin ranar nan. Da ta isa taga, jami'in ya ce sai mai fasfo ta zo da kanta ta bi layi kamar kowa. Na taso, na tsaya a bayan wasu mutum shida. Na kai na uku sannan na faɗi. Da na farfaɗo, muryar Habi na fara ji, tana zazzaga wa jami'in Larabci, tana cewa ga ta nan ya gan ta, ko sai ta mutu zai buga hatimin. Mutanen layi suka goya mata baya. Ya fito da kansa, ya dubi fuskata ina kwance a kan yashi, ya buga. Yarinyar da shekara biyu da suka wuce ba ta iya tambayar kuɗin tumatir. Wata mata ta jiƙa mayafina da ruwanta na sha. Na gode mata, Habi kuwa ban ce mata komai ba.

Daga garin Aswan, inda bas ta sauke mu, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Alƙahira. Likitan dattijo ne mai sanyin magana. Aka ɗaure ni a kan wani gado da ɗamara, aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka bar ni kwance, sannan aka ɗaga gadon a hankali har na koma kamar a tsaye. Ina ganin lambar bugun zuciyata tana hawa a jikin na'ura. Ba a kai minti goma ba na ce a sauke ni. Ya ce ya ga abin da yake nema. Ya ce ciwon yana da suna, likitoci na kiransa POTS, kuma zuciyata lafiyarta lau. In mutum ya miƙe, akwai wasu ƙananan jijiyoyi da ke matse hanyoyin jini na ƙafa da ciki don jinin ya koma sama. Nawa ba sa matsewa yadda ya kamata, sai jinin ya zauna a ƙasa, zuciya kuma ta yi ta gudu don ta kai wa ƙwaƙwalwa abin da ya samu. Na yi kuka a wurin, domin shekara guda ke nan ana ce mini tunani ne.

Na tambaye shi me ya jawo. Ya ce gaskiya ba wanda zai ce ya sani tabbas. Amma da yawan masu zuwa wurinsa labarinsu ɗaya ne: suna lafiya, suka yi wani zazzaɓi ko mura mai tsanani ko ciwon ciki, cutar ta wuce, wannan ya zauna. Abin da ake zato shi ne, garkuwar jiki tana haɗa makaman yaƙar ƙwayar cuta, to a jikin wasu bayan an gama yaƙin makaman ba sa tsayawa, sai su koma kan jijiyoyin mai jikin saboda sun yi musu kama da abokin gaba. Ya ce zato ne mai ƙarfi, amma har yanzu bincike ake yi. Sai ya tambaya ko a danginmu akwai mai ciwon da jiki ke yaƙar kansa, kamar wani nau'in maƙoƙo, ko ciwon gaɓoɓi mai kumbura yatsu yana karkatar da su, domin irin wannan halin garkuwa yakan bi dangi.

Na ce babu. Habi da ke zaune a gefe ta ce akwai. Mahaifiyarta, Gwaggo, shekara goma ke nan yatsunta a kumbure, da safe ba ta iya riƙe muciya, kuma a asibitin Kano an ce mata jikinta ne ke cin gaɓoɓinta. Likitan ya gyaɗa kai ya rubuta.

Na zauna ina juya maganar. Sauro ɗaya, ɗaki ɗaya, rana ɗaya. Nata zazzaɓin ya fi nawa. Ciwon dangin ma a jikin uwarta yake, ni kuwa gwaggona ce kawai. Ta kowace hanya aka bi, ita ya kamata abin ya samu. Sai na ji bakina yana ce wa likita, ita ma ta yi zazzaɓin, ya kamata a duba ta, kada abin yana ɓoye. Na faɗa da murya irin ta mai tausayi. Habi ta dube ni, ta ce ba komai, a duba. Likitan ya ce gadon ba kowa a kai yanzu, kuma shi ma yana so ya gani.

Aka ɗaure ta, aka ɗaga gadon. Na kafa wa lambar ido. Saba'in da takwas. Tamanin da huɗu. Da ta kai tamanin da takwas na ji wani abu ya motsa a raina, na matso gaban kujera. Sai ta sauko tamanin da biyu ta zauna a nan. Minti ashirin Habi tana tsaye tana hira da ma'aikaciyar wurin a kan farashin atamfa. Likitan ya ce lafiyarta ƙalau. Na tambaye shi to me ya sa ni. Ya buɗe hannuwansa ya ce wannan ita ce tambayar da shi ma yake so a amsa masa kafin ya bar aiki.

An ɗebi jinina, an samu alamar cewa garkuwata tana ɗan taɓa maƙogwarona, ya ce wannan ya ƙara ƙarfin zaton amma ba hujja ba ce. Ya rubuta mini ƙwaya ɗaya, ya ce in riƙa shan ruwa da yawa da gishiri, in sa doguwar safa mai matse ƙafa, in riƙa motsa jiki a kwance kafin in kai ga na zaune. Ya ce wasu suna samun sauƙi sosai da shekaru, wasu kaɗan. Game da aikin jinya kuwa, ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, in nemi fannin da ake yi a zaune.

A hanyar dawowa muka yi jiran bas a Aswan. Muna zaune a bakin kogi da rana tsaka, Habi tana ɓare mana lemo. Tun Alƙahira ba mu yi wata magana mai tsawo ba. Ban shirya ba, kawai na ji na ce mata, "Habi, da kina kan gadon nan, so na yi lambar ta hau."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Na ga fuskarki."

Na ce ta yafe mini. Ta gama ɓare lemon, ta raba biyu, ta miƙo mini rabi. Sannan ta ce, "Zulai, ranar da kika faɗi da tire, da aka ce in ɗauki wani, daɗi na ji. Ina yi miki fifita ina jin daɗi. Shekara goma sha biyar ana zaunar da ni a tsakar gidanku ana karanta mini sakamakonki. Ko sau ɗaya ba ki taɓa cewa a bari ba."

Na ce ai yara muke. Ta ce a Khartoum ba yara ba ne mu, kuma tana ji lokacin da nake gaya wa Gwaggo ina kula da ita, ta san irin muryar da nake faɗa da ita. Ta ce daɗin da ta ji bai kai awa ɗaya ba, tun ranar take istigfari, kuma duk abin da ta yi mini a hanyar nan rabinsa don Allah ne da zumunci, rabinsa don ta biya wancan ne. Ta ce ba ta san wanne ya fi yawa ba.

Na so in ji haushi, na kuwa ji. Ba mu rungumi juna ba, ba mu yi kuka ba. Bas ta zo muka shiga. Ta sake nemo mana kujerar baya, ta ɗauki ƙafafuna ta ɗora a cinyarta har muka wuce iyaka.

Makaranta ta yarda na koma fannin gwaje-gwajen jini, amma sai na faro daga baya, na yi asarar shekara biyu. Aikin zama ne a kan doguwar kujera, ido a kan madubin awo, kuma na iya shi. Safar nan a zafin Khartoum azaba ce, amma ta yi aiki. A hankali na kai ina tsayuwar minti goma, sannan sha biyar. Habi ta gama, ta fito cikin na gaba-gaba a ajinsu. Na je bikin, na zauna a layin baya kusa da ƙofa, na tafa da aka kira sunanta. A waya na ji an yi walima a Gwiwa, Baba ya yanka mata rago. Ranar ban ci abinci ba.

Shekara biyun da na yi ni kaɗai su ne mafi tsawo. Aka kawo mini wata 'yar Chadi ɗakin, mai kirki, amma ba ta san ta ajiye mini ruwa kusa da gado kafin in tashi ba, ni kuma ban iya roƙo ba. Sai a lokacin na lissafa abubuwan da Habi ke yi ba tare da na ce ba. Hajja Amna ta rasu a shekarar ƙarshe, jikarta ta ci gaba da shayin, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Habi takan kira duk Juma'a. Ta samu aiki a Kazaure, an sa ta ɗakin haihuwa, an fara maganar aurenta. Ina yi mata murna da baki, in mun ajiye waya in daɗe ina kallon silin. Ban warke daga wannan ƙyashin ba, kamar yadda ban warke daga ciwon ba. Duka biyun sauƙi suka yi.

Ranar da na dawo, daga Kano na shiga motar Kazaure, inda zan canza ta Babura. Na san tashar: sai mota ta cika take tashi, kuma benci ɗaya ne, kullum maza sun cika shi. Tun daga Ɗambatta nake tunanin yadda zan yi da jiran. Muna shiga tasha na hango Habi. Daga wurin aiki ta fito, da farin kayanta da farin hijabi, mutane suna gaishe ta suna cewa sannu Sista. Kayan sun yi mata kyau ƙwarai, kuma na ji abin nan ya soke ni a inda ya saba. Sai na lura da abin da ke hannunta. Kujerar roba ce fara, da sunan ɗakin haihuwa a rubuce a bayanta da jan fenti. Tun daga asibiti ta ɗauko ta a kan acaɓa.

Ta dire ta a inuwar motar Babura, ta karɓi jakata, ta ce saura mutum biyar mota ta cika.

Na ce, "Za su neme ta a wurin aiki."

Ta ce, "Su nema. Zauna."

Na zauna. Ita ta tsaya a gefena, jakata a kafaɗarta, har motar ta cika.